Hanyoyin Ƙafa da Zanguna a Duwatsun Azbin

Duk ɗalibin da ya leƙa tarihin Gobir ya ci karo da sunan Azbin, domin a cewar tarihin baka, daga can Gobirawa suka gangaro kudu. Wasu suna cewa Abzin, mazauna wurin kuwa suna kiransa Ayar. Jerin duwatsu ne a arewacin Agadas, cikin Jamhuriyar Nijar, masu faɗin kusan murabba'in kilomita 84,000. A cikinsu ƙololuwar Idukal-n-Taghas take, a bisa tudun Bagzan, mai tsawon mita 2,022, wadda ta fi ko'ina bisa a ƙasar. A ƙarshen ƙarni na 20 Turawa sun riƙa biyan kuɗi masu yawa domin su taka waɗannan duwatsu da ƙafa, su kwana a fili. Sai dai ba domin su aka sari hanyoyin da suka bi ba. Gado suka tarar na makiyaya da manoma da fatake.

Ruwa ne ya shata hanyoyin Azbin, shi ne kuma ya zaɓi wuraren kwana. Duwatsun baƙaƙe ne, ƙeƙasassu, amma tsakaninsu akwai kwaruruka masu rairayi da ruwa yake gudu a cikinsu na ɗan lokaci bayan an yi ruwan sama, galibi a watannin Yuli da Agusta. A gefen irin waɗannan kwaruruka ake samun itatuwan ƙaya da goriba da rijiyoyi marasa zurfi. Akwai kuma kwarmin dutse da yake riƙe ruwa wata da watanni, wanda Azbinawa suke kira agelmam. Saboda haka ba da tsawon hanya ake auna tafiyar yini ba, da nisan da ke tsakanin wannan ruwa da na gaba ake auna ta. Zango nagari shi ne inda aka sami kiwon raƙuma, da itacen wuta, da dutsen da zai tare iska. Mai hankali ba ya shimfiɗa a tsakiyar kwari da damina, ko da sama garau take, domin ruwan da ya sauka a can nesa yana iya iso masa cikin dare. Da hunturu kuma sanyin kan tudu yakan kai ga daskarar da ruwa.

Kalmar zango ta cancanci ɗalibi ya tsaya a kanta. Tana nufin wurin da ayari yake yada kaya, tana kuma nufin tazarar tafiya tsakanin masauki da masauki. Ita ce ta bi fatake har Gwanja da Kumasi, ta zama sunan unguwannin baƙi. A Azbin ma'anarta ta farko ce take da rai.

Shaidar rubutu a kan waɗannan hanyoyi ta daɗe. A shekarar 1353 Ibn Battuta ya ratsa yankin cikin ayari, daga Takadda zuwa arewa. A ƙarni na 15 aka kafa sarautar Ayar, wadda ta zauna a Agadas, kuma tsaron hanya da karɓar kuɗin fito suna cikin ginshiƙanta. Amma bayani mafi yalwa ya zo ne daga Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga duwatsun a watan Agusta na 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg. Tun a bakin ƙasar aka tare su, aka tatse musu kaya. Ba su sami natsuwa ba sai da suka sauka a Tintellust, a ƙarƙashin inuwar Annur, wani babban dattijon Kel Ewey. Daga nan Barth ya tafi Agadas a watan Oktoba, kuma a kan takarkari ya fara tafiyar. A watan Disamba suka bi ayarin gishirin Bilma zuwa kudu, shi Barth ya isa Kano a Fabrairun 1851. Abin lura a labarinsa shi ne cewa sanin hanya kaɗai bai wadatar da baƙo ba, sai ya sami wanda zai tsaya masa. Ya kuma tarar Kel Ewey suna jin Hausa ƙwarai, har ya ƙaru da harshen a wurinsu tun kafin ya taka ƙasar Hausa.

Faransawa sun zo da bindiga, amma su ma duwatsun sun gwada musu iyakarsu. Rundunar Foureau da Lamy ta maƙale watanni a Iferwan a 1899, raƙumanta suna mutuwa, mutanen gari kuma sun ƙi ba ta wasu. Babban karayar yankin ta zo ne da yaƙin Kawsan, wanda ya tsare barikin Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917. Ramuwar gayyar da ta biyo baya ta yi muni: an kashe malamai, an kwashe dabbobi, an kori jama'a daga duwatsu, da yawa suka yi kudu zuwa Damargu da ƙasar Kano. Da Francis Rodd ya zagaya Azbin a 1922, kangayen ƙauyuka ya riƙa tararwa. Asode, tsohon birnin da ke tsakiyar duwatsun, har yau kufai ne. A ganina, wanda ya bi waɗannan hanyoyi yana sha'awar shirun da ke cikinsu ya kamata ya san cewa wani kaso na shirun nan yaƙi ne ya haife shi.

Yawon buɗe ido ya kankama ne bayan farin shekarun 1970, lokacin da makiyaya da dama suka rasa dabbobinsu. Ɗan madugu ya koma jagoran baƙi, mai raƙumi ya koma ɗaukar tantuna da jarkokin ruwa. Mano Dayak, da kamfaninsa Temet Voyages, shi ne ya fi kowa tallata yankin a Faransa, tseren motocin Paris-Dakar kuma ya ƙara fito da sunan Agadas. Tsarin tafiyar bai sha bamban da na ayari ba: a yi sammako, a huta da rana ta take, a yada zango kafin magariba, a gasa gurasar tagella cikin rairayi da toka, a sha shayi zagaye uku. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake yinta. Wasu suna hawa Bagzan ta matsattsun hanyoyin da jakai suka saba bi da albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa, wasu suna nufar lambunan lemo da rumman na Timiya, wasu kuma gefen gabas, inda dutse yake karo da tuddan rairayin Tenere.

A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe sashen duwatsun da na Tenere, kimanin hekta miliyan 7.7, a matsayin gandun da doka ta kare. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1991, shekara ɗaya bayan haka kuma ta mayar da shi jerin waɗanda suke cikin haɗari, saboda tawaye ya ɓarke. Mano Dayak kansa ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, shi kuma ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar shekarar. Baƙi sun dawo, har aka fara bikin Ayar a Iferwan a 2001. Sai ga tawaye na biyu a Fabrairun 2007, wanda a Iferwan ɗin aka fara shi, aka binne nakiyoyi a hanyoyin mota. Sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a Satumbar 2010 ya ƙarasa abin da ya rage.

Jagororin ba su zauna jiran baƙi ba. Wasu sun koma lambu, wasu sun shiga jigilar bakin haure zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta wannan sana'a kafin a soke dokar a 2023. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, masu sanin rijiyoyi da alamun duwatsu suna cikin waɗanda aka fara nema domin su ja motocin masu haƙa.