Wuƙar da ke fitowa ta gaba kamar biro: daga sojojin laima zuwa aljihun 'yan gayu

1/ Akwai wata wuƙa da bidiyonta ke yawo a TikTok da Instagram. A tura maɓalli da babban yatsa, ruwan wuƙar ya fito ta gaba, fit! A ja baya, ya shige ciki kamar kan kunkuru. Turawa na ce mata OTF, wato mai fitowa ta gaba. Da yawanmu mun ɗauka kayan 'yan fim ce ko ta 'yan daba. Asalinta ba haka ba ne, kuma wanda bai san asalin ba, jabu za a sayar masa. Ku gyara zama, zaren na da ɗan tsawo.

2/ Tambaya ɗaya ce ta haifi duk wuƙaƙen da ke buɗe kansu: yaya mutum zai buɗe wuƙa alhali hannunsa ɗaya na riƙe da wani abu? Wuƙar aljihu ta da sai ka sa farce ka ɓanɓaro ruwanta da hannu biyu. Manomi da ke riƙe da igiya, ko masunci da ke riƙe da koma, ba shi da hannu na biyun.

3/ A 1892 wani maƙerin injina a Amurka, George Schrade, ya yi rajistar wuƙa mai buɗewa da danna maɓalli. Tasa ta gefe take buɗewa, ba ta gaba ba, amma ita ce kakar dangin a kasuwa. A 1904 shi da 'yan uwansa suka kafa kamfanin Schrade a garin Walden na jihar New York.

4/ Kun san su wa ake tallata wa? Manoma, mafarauta, da mata masu ɗinki. Har a talla ana yabon ta da cewa ba ta karya farce. Ƙanana ne, wasu ba su kai tsawon yatsa ba, ana jefa su cikin kwandon zare da allura. Ba wanda ya kalle ta a matsayin makami a lokacin.

5/ Mai fitowa ta gaba kuwa, wadda ta yi suna da farko ta Jamus ce. A 1937 rundunar sojan saman Jamus ta fara raba wa matuƙa jirage da sojojin laima wata wuƙa da aka ƙera a Solingen, garin da ya shahara da ƙira tun ɗaruruwan shekaru. Ba sifirin da ke harba ruwanta. Ka juya bakinta ƙasa, ka danna ɗan ƙarfe, nauyin ruwan ya sauko da shi, ya kulle.

6/ Ku yi tunanin halin da aka yi ta dominsa. Soja ya diro daga jirgi, laimarsa ta maƙale a bishiya, yana reto, igiyoyi sun nannaɗe shi, wataƙila hannu ɗaya ya karye. Ko ya faɗo ƙasa iska na jan laimar tana jan sa a kan duwatsu. Abin da yake so shi ne ya yanke igiya yanzu-yanzu da hannun da ya rage. Shi ya sa ma aka haɗa mata wani tsinken ƙarfe a gindi na kwance ƙulli.

7/ Ga wani abu da zai yi mana amfani can gaba. Samfurin farko na wannan wuƙar ba a iya kwance shi. Ƙasa ko laka ta shiga ramin da ruwan ke bi, shi ke nan ta cije. Sai daga baya aka fito da samfurin da soja zai iya warewa ya wanke. Wato tun ranar farko babban abokin gabar wannan ƙirar datti ne, kuma har yau bai canza ba.

8/ Turawan Ingila da suka kama irinta a yaƙi sai suka kai wa kamfanin George Ibberson a Sheffield ya kwaikwaya, aka ba 'yan leƙen asirinsu. Amurka ita ma ta ba sojojin laimarta wuƙar maɓalli da ake kira M2, don dai yanke igiyar.

9/ To ina sunan ya ɓaci? Bayan yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka sun koma gida daga Italiya da tsaraba: doguwar wuƙar maɓalli siririya mai tsini, irin ta garuruwan maƙera kamar Maniago da Frosolone. Wannan kam ba ta yankan igiya ba ce, siffarta ta suka ce. Ta yi kyau a ido, ta yi arha, 'yan kasuwa suka shiga shigo da ita da yawa, samarin unguwa suka ɗauka.

10/ A 1950 mujallar Woman's Home Companion ta buga wani rubutu na Jack Harrison Pollack da ya kira ta abin wasan yara mai kisa. Mujallar iyaye mata ce, kun ga inda aka taɓa. Hankali ya tashi. A 1954 jihar New York ta hana sayar da ita.

11/ Sai Hollywood ta zuba fetur. Rebel Without a Cause a 1955, da faɗan wuƙa na James Dean. Blackboard Jungle a wannan shekarar. A 1957 ga 12 Angry Men, inda Henry Fonda ya zaro wuƙa irin ta wanda ake tuhuma ya kafa ta a tebur. A shekarar kuma aka fara wasan West Side Story a dandamali. Duk inda aka so nuna yaro ya lalace, sai a sa masa ita a hannu, a ji ƙarar nan, ƙyat.

12/ Ranar 12 ga Agusta 1958 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar tarayya da ta hana shigo da wuƙar maɓalli da kuma cinikinta daga jiha zuwa jiha. Hukunci: tarar da ta kai dala 2,000, ko ɗauri har shekara biyar, ko duka biyu. Birtaniya ta bi sahu a 1959, ta haɗa har da mai saukowa da nauyinta.

13/ Wurin da ya fi burge ni a dokar 1958 shi ne waɗanda ta keɓe. Sojoji, da kuma mutum mai hannu ɗaya, in dai ruwan wuƙar bai wuce inci uku ba. Wato su kansu masu dokar sun san amfaninta na gaskiya, sun rubuta shi da hannunsu a cikin takardar da suka hana ta.

14/ Ra'ayina: dokar ta kori siffa ne, ba ta kori laifi ba. Yaron da ke son sukar wani bai rasa wuƙar kicin ba. Wanda ya yi asara su ne kamfanonin da ke yin masu kyau. Kasuwar ta mutu, sai ɗan abin da ake yi wa soja, kamar MC-1 mai mariƙi ruwan lemo da ake ba matuƙan jirgi. Sauran fili kuma 'yan fasa-ƙwauri da masu arha suka cike shi.

15/ Kusan shekara talatin aka yi a haka. A 1984 kotun ƙolin jihar Oregon, a shari'ar Delgado, ta ce hana mutum mallakar wuƙar maɓalli ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. Ba da jimawa ba kamfanin Benchmade ya koma Oregon ya shiga yin su. A 1994 Anthony Marfione ya kafa Microtech a Florida, yana yanka sassa da injin da kwamfuta ke sarrafawa, daidai wa daida.

16/ Wannan daidaiton ne ya farfaɗo da mai fitowa ta gaba. Ultratech ta Microtech da Infidel ta Benchmade su ne suka zama ma'auni. Jihohi suka riƙa soke haninsu: New Hampshire a 2010, Texas a 2013, a 2024 kuma kotun ƙolin Massachusetts ta rushe nata. Fina-finan John Wick suka sake mayar da ita kayan gayu. Hollywood ɗin da ta kashe kasuwar ita ta dawo tana yi mata talla kyauta.

17/ Yanzu ga mai son zaɓa. Iri biyu ne. Akwai mai aiki ɗaya, kamar HALO ta Microtech: maɓalli ya harba ta waje, amma da hannu za ka ja ta ciki. Sifirinta a ɗane yake duk lokacin da take rufe, tana fita da ƙarfi sosai. Hannu biyu take buƙata wajen rufewa, kuma abu ɗanannen nan ba abin wasa ba ne a aljihu.

18/ Akwai kuma mai aiki biyu, wadda maɓalli ɗaya ke fitarwa ya mayar. Nan dabarar take. Sifirin yana hutawa ne, ko tana buɗe ko tana rufe. Turawar da kake yi da yatsa ita ke miƙe shi, sai ya kai wani wuri makulli ya saki, ruwan ya tafi da gudu ya faɗa makulli na gaba. Ƙarfin yatsanka ne ke harba ta. Shi ya sa maɓallin mai kyau yake da tauri, kuma taurin nan shi ne kariyarka daga buɗewa a aljihu. Don yawon yau da kullum wannan ce ta fi.

19/ Abin da bidiyo ba ya nuna muku: in ruwan mai aiki biyu ya ci karo da abu kafin ya kai ƙarshe, sai ya sauka daga hanya ya yi laƙwas. Ka ja shi da hannu ya kai makulli, ya dawo daidai. Da gangan aka yi haka. Duk da haka tana iya huda fata, kar wani ya ce zai gwada a tafin hannunsa don ya samu masu kallo.

20/ Ɗan motsi a ruwan bayan ya kulle ba aibi ba ne. Dole a bar masa sarari ya zame, in ba haka ba ba zai fita ba. Aibi shi ne ya riƙa kaɗawa kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa, ko ka harba sau ashirin ya ƙi kullewa sau biyu. Sojan da ke reto a bishiya ba shi da damar gwaji na biyu, kuma da wannan idon ya kamata a duba ta.

21/ Baki ɗaya ko baki biyu? Mai kaifi biyu ita ce ta hoto, jikar waccan ta Italiya. Amma ba inda za ka ɗora yatsa ka danna in kana fere rake ko yanka kwali, wasa ta aiki biyu ne, kuma ko a wuraren da aka halatta wuƙar maɓalli akwai inda mai kaifi biyu ke da nata hanin daban. Mai baki ɗaya, inci uku ko ƙasa da haka kaɗan, ta ishi duk aikin da mutum zai yi a rana.

22/ Ƙarfe: za ku ga an rubuta D2, M390, Elmax. D2 na riƙe kaifi amma tana iya tsatsa in an bar ta da danshi. M390 da Elmax sun fi jure tsatsa, sun fi tsada, sun fi wuyar wasawa. Mariƙi mai kyau alminiyam ne da aka sassaƙa da inji. Na jabu galibi narkakken ƙarfe ne mai nauyi da aka zuba a mazubi, kusoshinsa su lalace tun kwancewar farko.

23/ Kuma rubutu a jikin ƙarfe ba shaida ba ne, kowa na iya bugawa. Ultratech ta gaske kuɗinta na kaiwa wajen dala 300, Infidel ta fi haka. Ku juya shi zuwa naira da kanku. In kun ga mai wannan sunan a kuɗin da bai kai na takalmin ƙwallo ba, kun san amsar.

24/ Maganar datti ta sojojin Jamus ta dawo. Bakin wuƙar rami ne a buɗe, audugar aljihu da ƙura na shiga. Ku ƙiyasta abin da ƙurar hunturu za ta yi mata a wata guda. Ana busa ta da iska, a ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya. Mai da yawa ƙura yake tarawa ya zama kwaɓa. A yanka mangwaro a mayar da ita ciki ba a goge ba kuwa, gobe ba za ta fito ba. Kuma ba a ɓanɓarar murfin gwangwani da ita, gindin ruwanta ɗan ƙaramin makulli ne kawai ke riƙe da shi.

25/ Kafin duk wannan akwai doka. A Jamus, inda aka fara yin ta wa soja, tun 2003 an haramta mai saukowa da nauyi da mai harbawa ta gaba. A Birtaniya dokar 2019 ta hana ajiye ta ko a cikin ɗakinka. A Amurka ma dokar 1958 na nan, kuma kowace jiha da nata tsarin. Masu tafiya karatu waje, ku kula da abin da kuke sakawa a jaka.

26/ Nan gida kuwa, kun san yadda ƙwacen waya da faɗan daba suka sa ido ya koma kan duk matashin da aka samu da wuƙa, musamman a Kano. A tare ka da dare a sintiri a laluba aljihu a ji ƙyat ɗin nan, ba wanda zai tsaya sauraron labarin George Schrade da mata masu ɗinki. Abin da ya faru a New York a 1954 shi ne zai faru da kai a caji ofis: siffarta za a gani kafin a ji bayaninka.

27/ Don haka in aikinka buɗe kwali ne a shago, yanke igiya a gona, ko feƙe fensir a ɗakin zane, ƙaramar wuƙa mai naɗewa wadda ake turawa da babban yatsa ta warware matsalar hannu ɗayan nan tun tuni, ba sifirin, ba ramin da ƙura za ta cika, kuma kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na Ultratech ba.