Sharuɗɗan Riƙon Yara a Ƙofar Kware: Waiwayen Tarihi

A unguwannin Sakkwato irin su Ƙofar Kware, riƙo tsohuwar al'ada ce. Kaka ko gwaggo ko matar da ba ta samu haihuwa ba takan ɗauki yaro bayan yaye, musamman ɗan fari, wanda uwarsa ke jin kunyarsa. Ita kanta Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, matan mahaifinta ne suka rene ta bayan rasuwar mahaifiyarta Maimuna.

Mariƙiya ba ta zuwa wani kwas. Horonta shi ne renon ƙanne da ta yi tun tana gaban iyayenta. Malamai kuwa sukan koma ga sharuɗɗan reno na mazhabar Malikiyya: hankali da amana da iya ɗawainiya.

Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta shigo da kotu cikin lamarin. Ta ce dole mai neman riƙo ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21, likita kuma ya tabbatar da lafiyarsa. Sai dai waɗannan sharuɗɗa cancanta suke aunawa, ba su koyar da reno. Wannan giɓi ya fi shafar yaron da aka kai gidan da ba na danginsa ba. Jihar Sakkwato ta samu tata dokar kare yara a 2021.