Gidajen Aguda na Legas da ke ɓacewa

In ka taɓa ratsa unguwar Popo Aguda a tsibirin Legas, wataƙila ka lura da tsofaffin benaye masu dogayen tagogi da ado a bango. Ka san su wa suka gina su? Bayin da aka kai Brazil ne da 'ya'yansu, waɗanda suka dawo a ƙarni na 19, musamman bayan tawayen bayi Musulmi na Bahia a 1835. Aguda ake ce musu, kuma gwanayen gini ne. Ɗaya daga cikinsu, João Baptista da Costa, shi ya gina masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894.

Su kuwa Saro, waɗanda suka dawo daga Saliyo, boko suka riƙe. Thomas Babington Macaulay ya kafa CMS Grammar School a 1859, sakandare ta farko a Nijeriya. Ɗansa Herbert ne kake gani a jikin tsabar naira ɗaya.

Sai dai wannan gado yana ƙarewa. Gidan Ilojo Bar, da aka sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, an rushe shi a Satumbar 2016. Don haka in ka je Legas, ka leƙa Water House a titin Kakawa tun yana tsaye.