Tarihin Rage Ruwan Ƙwaƙwalwa Bayan Fashewar Jijiyar Jini

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana zaune ne cikin wani ruwa garai-garai wanda ake samarwa a kogwanni huɗu da ke tsakiyarta, ya zagaya ta ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ta har zuwa lakar gadon baya, sannan jijiyoyin jini su shanye shi. Abin da ke jikin baligi a lokaci guda bai wuce kimanin mililita 150 ba, amma jiki yana samar da kusan mililita 500 kowace rana, don haka toshewar hanyarsa ta 'yan sa'o'i kaɗai ta isa ta jefa mutum cikin haɗari. Wannan toshewa ce ke aukuwa ga kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda wata kumburarriyar jijiya ta fashe a ƙasan ƙwaƙwalwarsu, domin jinin da ya malala yana daskarewa a mashigun ruwan, ya kuma like ƙananan kafofin da ke shanye shi, sai kogwannin su cika su kumbura, mara lafiya ya fara magagi, daga nan ya suma.

Huda kai don fitar da ruwa tsohuwar dabara ce. Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajajen 1013, ya bayyana a littafinsa At-Tasrif yadda ake tsaga fatar kan jaririn da ruwa ya kumbura wa kai, kuma a 1744 Claude-Nicolas Le Cat na birnin Rouen a Faransa ya soka bututu har cikin kogon ƙwaƙwalwar wani jariri, ya bar shi a wurin yana rage ruwan kaɗan-kaɗan, sai dai jaririn ya rasu bayan 'yan kwanaki. Abin da ya gagari likitoci ƙarni bayan ƙarni shi ne sanin yawan ruwan da ya kamata a fitar, da saurin da za a fitar da shi, da kuma yadda za a hana cuta bin bututun ta shiga ciki.

Tushen fahimtar ya fito ne daga Sikotlan, inda Alexander Monro a 1783, da George Kellie a 1824, suka nuna cewa ƙoƙon kan baligi rufaffen akwati ne da ba ya buɗawa, ta yadda duk abin da ya ƙaru a cikinsa tilas ya kori wani abu ko ya haifar da matsi. Dukansu biyu jini da naman ƙwaƙwalwa suka lissafa, sai a 1846 George Burrows ya shigar da ruwan ƙwaƙwalwa cikin lissafin, wanda likita zai iya ragewa nan take ta hanyar fitar da shi. Carl Wernicke a Jamus a 1881, da William Keen a Filadalfiya a 1888, sun gwada barin mazubi a kogon ƙwaƙwalwa, aka riƙa amfani da zaren siliki da gashin doki da bututun roba, amma da yake bakin mazubin a buɗe yake, sanƙarau ya hallaka yawancin waɗanda aka yi wa aikin. Hanyar da Heinrich Quincke ya fito da ita a 1891, wato soka allura a ƙasan gadon baya, ta fi sauƙi, kuma ita ce ta ba likitoci damar gane zubar jinin tun mutum yana da rai, idan ruwan da ya kamata ya fito fari tas ya fito ja.

Alaƙar jinin da kumburin kogwannin ta tabbata a 1928, lokacin da Charles Bagley ya zuba jini cikin ruwan ƙwaƙwalwar karnuka ya ga kogwanninsu sun faɗaɗa. A 1941 Ingraham da Campbell a Boston suka bayyana rufaffen mazubi, wanda ruwan ke bi daga kai zuwa kwalba ba tare da ya haɗu da iskar ɗaki ba, kuma zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta a shekarun da suka biyo baya ya sa barin bututu na kwanaki ya daina zama hukuncin kisa. Mafi girman ci gaban, a ganin mai nazarin wannan tarihi, shi ne aikin Nils Lundberg na birnin Lund a Suwidin, wanda a 1960 ya wallafa sakamakon auna matsin cikin kai ba yankewa ta bututun da ke cikin kogon. Ya gano cewa matsin, wanda a lafiyayyen mutum yake ƙasa da milimita 15 na zaiba, yakan yi tsalle zuwa 50 ko ma 100, ya tsaya a can mintuna 5 zuwa 20 sannan ya sauko, abin da awo ɗaya na allura ba zai taɓa kamawa ba. Daga nan bututun ya zama ma'auni kuma magani a lokaci guda.

Yadda ake sarrafa shi a yau ba shi da wata ƙawa, domin nauyin ruwa ne kawai ke aiki. Ana huda ƙoƙon kai ta gaba, yawanci a ɓangaren dama, a wurin da ke ɗauke da sunan Theodor Kocher, a tura siririn bututu cikin kogon, sannan a rataye mazubin a wani tsayi da ake aunawa daga saitin kafar kunne. Idan aka ɗaga shi ruwa kaɗan ne zai fita, idan aka saukar da shi ya kwarara, shi ya sa ma'aikatan jinya ke rufe famfon kafin su tayar da mara lafiya zaune ko su gusa da gadonsa. Gaggawa a nan tana da nata sharri, domin idan ba a riga an ɗaure ko an toshe jijiyar da ta fashe ba, ana fargabar rage matsin da ke danne ta daga waje ya sa ta sake ɓallewa, kuma zuƙewa fiye da kima tana iya sa kogwannin su shafe.

Wasu marasa lafiyar hanyar ruwansu ba ta sake buɗewa ko bayan jinin ya washe, kuma su ne ke cin gajiyar bawul ɗin silikon da John Holter, wani makaniken injuna na Filadalfiya, ya ƙera wajajen 1956 saboda ɗansa da ke fama da taruwar ruwa a kai, wanda ya share fagen binne bututu a ƙarƙashin fata ya kai ruwan zuwa zuciya, daga baya kuma zuwa ciki. Gane wanda zai buƙaci wannan aiki shi ne inda likitoci suka rabu har yanzu. Wasu asibitoci suna ɗaga mazubin sannu a hankali cikin kwanaki, wasu suna rufe shi lokaci guda su sa ido awa 24, kuma gwajin da aka wallafa a Amurka a 2004 bai sami bambanci ba a yawan waɗanda suka ƙare da bututun dindindin, sai dai waɗanda aka rufe wa kai-tsaye sun fi saurin barin ɗakin kulawa ta musamman.