Man jirgin sama daga sharar rake: mene ne shi, ina Adamawa ta tsaya?

Man jirgi mai ɗorewa shi ne wanda ake yi da tsirrai ko shara maimakon ɗanyen mai. Masana'antar sukari kan bar abu biyu bayan an matse rake: tukar rake, da baƙin maɗin da ya ƙi zama sukari. Maɗin ake tsimawa a sami etanol, a cire masa ruwa, a sarrafa shi ya koma kananzir irin na jirgi. Tun 2018 aka amince a gauraya shi da man jirgi na yau da kullum har kashi 50 cikin 100. Kamfanin LanzaJet ya buɗe masana'antar irin wannan a jihar Jojiya ta Amurka a 2024.

A Adamawa, maganar ta fi shafar Numan, inda kamfanin sukari na Savannah, mallakar Dangote, ke noman rake da ruwan madatsar Kiri. Raken ƙananan manoma irin na yankin Mubi kuwa, shan baki ya fi tafiya. Tukarsa a warwatse take, tara ta kaɗai aiki ne.

Matsalar dai kuɗi ce. Man ya fi na yau da kullum tsada nesa ba kusa ba, kuma tukar ba banza take ba, da ita masana'antu ke hura tukunyar tururi. Amma masu saye na nan: Tarayyar Turai ta wajabta kashi 2 cikin 100 daga 2025, zai kai 6 a 2030.