Su wane ne mabiya Mormon, kuma mene ne ya haɗa ƙasarsu da Akokan?

Duk ɗan Akokan ko Arlit da fatauci ko karatu ya taɓa kai shi Kwatano, Lome ko Abidjan, da wuya bai ci karo da su ba: samari biyu-biyu sanye da farar taguwa, da ɗan allon suna maƙale a ƙirji. Masu wa'azi ne na Majami'ar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wadda aka fi sani da Mormon. Tana da mabiya sama da miliyan 17, cibiyarta kuma tana birnin Salt Lake City na jihar Utah, a yammacin Amurka. Utah ƙasa ce ta hamada da duwatsu, kuma kamar jihar Agadez, Allah ya hore mata ƙarfen uranium.

Asalinsu

Joseph Smith ne ya kafa majami'ar ranar 6 ga watan Afrilun 1830 a jihar New York. Ya ce wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa alluna na zinariya, ya fassara su suka zama Littafin Mormon, wanda mabiya ke karantawa tare da Baibul. Maƙwabta ba su karɓe su ba, aka yi ta korar su daga gari zuwa gari, har wasu gungun mutane suka kashe Smith a gidan kaso na Carthage ranar 27 ga watan Yunin 1844. Magajinsa Brigham Young ya jagoranci ƙaura zuwa yamma, suka isa kwarin Salt Lake a watan Yulin 1847.

A wancan zamani suna auren mace fiye da ɗaya, lamarin da ya haɗa su rigima da gwamnatin Amurka. Shugabansu Wilford Woodruff ya sanar da daina shi a 1890, kuma a yau duk wanda ya yi, korarsa ake yi daga majami'ar. Masu ci gaba da shi ƙananan ƙungiyoyi ne da suka ɓalle.

Yadda ake kallon su

Su kansu suna cewa Kiristoci ne da aka mayar wa addinin Yesu na asali, kuma suna ɗaukar shugabansu a matsayin annabi mai rai. Manyan majami'u da dama ba su yarda ba, domin Mormon sun yi imani cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne daban-daban. A 2001 fadar Vatican ta ce baftismarsu ba ta inganta ba. A wajen Musulmi kuwa, an rufe annabci da Annabi Muhammadu (SAW), don haka da'awar Smith ba ta da gurbi, ko da yake a 1978 shugabannin Mormon sun fitar da sanarwar girmama shi cikin manyan jagororin addini. Akasarin masana kufai na cewa ba su ga shaidar al'ummomin da littafin ya ambata ba.

Ba sa shan giya ko taba ko kofi, haka ma shayi, abin da zai ba mutumin Agadez mamaki. Suna ba da kashi 10 cikin 100 na abin da suka samu, suna azumi ranar Lahadin farko ta wata, samari kuma na fita wa'azi shekara biyu.

Shigarsu Afirka ta Yamma

Har zuwa watan Yunin 1978, baƙar fata ba ya samun matsayin limanci a majami'ar. Bayan ɗage wannan hani, masu wa'azi suka iso Najeriya da Ghana, aka yi wa wani malamin makaranta Anthony Obinna baftisma a watan Nuwamban wannan shekara. Gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukansu a Ghana daga 1989 zuwa 1990. Daga baya sun buɗe manyan haikalai a Accra a 2004, Aba a 2005, da Abidjan a 2025. A 2013 majami'ar ta fito fili ta nesanta kanta da hujjojin wariyar launi da aka riƙa bayarwa a da.

Uranium da ƙurar gwajin bam

A 1952 Charlie Steen ya gano uranium mai yawa kusa da garin Moab na Utah, ma'aikata suka kwararo kamar yadda aka gani a Arlit da Akokan bayan buɗe Somair da Cominak. A daidai lokacin, tun 1951, Amurka na gwajin bama-baman nukiliya a sararin jihar Nevada mai maƙwabtaka, iska na kai ƙurar garuruwan Mormon irin su St. George da Cedar City. Hukumomi sun ce babu haɗari, jama'a kuma, da addininsu ke horo da biyayya ga hukuma, suka yarda.

A 1953 dubban tumaki suka mutu a yankin. Da yake Mormon ba sa shan taba da giya, cutar daji ba ta da yawa a cikinsu, sai ƙaruwarta ta fito fili. Binciken da likita Joseph Lyon na jami'ar Utah ya wallafa a 1979 ya nuna yawaitar sankarar jini tsakanin yaran kudancin jihar. Sai a 1990 aka kafa dokar biyan diyya, wadda ƴan majalisa biyu mabiya Mormon, Orrin Hatch da Wayne Owens, suka tsaya wa: dala dubu 50 ga mazaunin da ƙurar ta jawo wa ciwo, dala dubu 100 ga mai haƙar ma'adini. Da yawa daga cikin mahaƙan ƴan ƙabilar Navajo ne.

Sai batun sharar ma'adini. Masana'antar tace uranium ta Moab ta rufe a 1984, ta bar tulin shara mai tururin guba kimanin tan miliyan 16 a bakin kogin Colorado. Kamfanin ya karye, nauyin ya koma kan gwamnati, kuma ba a fara kwashe tulin da jirgin ƙasa ba sai 2009, shekara 25 bayan rufewar.

A Akokan, Cominak ya dakatar da haƙa ranar 31 ga watan Maris na 2021, bayan aiki tun 1978, ya bar tulin da ya kai kimanin tan miliyan 20 a kusa da gari. Tambayoyin da mutanen Utah suka shafe shekaru suna nema wa amsa su ne ke gaban mazauna Akokan a yau: wa zai bi lafiyar tsofaffin ma'aikata da iyalansu, wa zai riƙa auna ruwan rijiyoyi, kuma wa zai biya kuɗin kula da tulin nan da shekara hamsin.