Tef ɗin Tela a Bayan Majiyyaci: Yadda Aka Fara Awon Ƙashin Baya

Wani mai karatu daga Madawa ya aiko da tambaya mai ɗan ƙorafi a ciki. Ƙanensa, saurayin da bai kai talatin ba, ya daɗe yana fama da ciwon kwankwaso, suka kai shi asibiti suna sa ran hoto da allura. Sai likita ya sa ya tuɓe riga, ya ɗiga masa biro a gadon baya, ya ɗauko tef irin na tela, ya ce ya sunkuya. Shi ne yake tambaya: wannan aikin likita ne, ko rashin kayan aiki ne ya sa ake yi mana dabara?

Aikin likita ne, kuma ko a Landan aka kai shi haka za a yi masa. Abin da ake nema wani nau'in amosani ne da ke kama mahaɗar ƙashin baya da ƙugu, wanda likitocinmu masu karatun Faransanci ke kira spondylarthrite ankylosante. Ya sha bamban da ciwon bayan mai lambun albasa a fadamun Tarka, wanda aiki ke tayarwa, hutu ya kwantar. Shi wannan da dare yake tashi, mutum ya wayi gari a sandare, sai ya motsa jiki sannan ya ji dama. Yakan fara kafin shekara 45, kuma idan ya yi nisa gaɓoɓin bayan sukan haɗe, har hotonsu ya yi kama da sandar gora. Sau da yawa a wurin ruku'u mutum ke fara lura cewa bayansa ya daina lanƙwasa.

Wanda ya fara bayyana shi dalla-dalla bai taɓa ganin majiyyacin da rai ba. Bernard Connor ɗan ƙasar Ailan ne, yana karatun likita a Faransa ya ci karo da wani ƙwarangwal da ƙashin ƙugu da gaɓoɓin baya da haƙarƙari suka zama ƙashi guda. Daga ƙashin kawai ya gano cewa mai shi bai iya sunkuyawa ko juyawa, kuma da ciki yake numfashi tunda ƙirjin ba ya buɗewa. An buga bayanin a Landan a 1695. Connor ya yi wa Sarkin Poland, Jan Sobieski, aikin likita, ya rasu a 1698 yana da kimanin shekara 32, aka manta da shi.

Sai bayan shekara ɗari biyu aka koma kan maganar, kuma a nan rigimar take. A Jamus da Rasha da ƙasashen arewacin Turai har gobe ana kiran ciwon da sunan Vladimir Bechterew, babban likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa na Rasha, saboda maƙalar da ya buga da Jamusanci a 1893. Shahararre ne ƙwarai. To amma in aka duba majiyyatan da ya kwatanta sai a ga abin bai zauna ba. Doro ne a saman baya, tare da raunin tsoka da alamun ciwon jijiya, shi kansa kuma ya ɗora laifin a kan lakar baya da gado da buguwa. Masana da dama da suka sake nazarin rubutunsa sun ce da wuya in wannan ciwon ne ya gani.

Adolf Strümpell na Jamus ya fi shi kusa a 1897. Amma Pierre Marie na Paris, a 1898, shi ya zana hoton da likitan yau zai gane nan take: samari, baya ya sandare daga ƙasa zuwa sama, kwankwaso ya baje, ciwon ya shiga ƙugu da kafaɗu. Ɗalibinsa André Léri ya bi da binciken gawa, ya nuna yadda jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓin suka rikiɗe ƙashi. A ganina in har dole a ba ciwon sunan mutum, Marie ya fi cancanta, in kuma tsufa za a bi, Connor ne. Bechterew dai mai suna ne tun asali, kuma kowa ya san ruwa inda ya taru yake ƙara taruwa. Mutuwarsa ma ta ƙara masa suna. Ya rasu kwatsam a Mosko a Disamban 1927, hukuma ta ce gubar abinci ce, jita-jita kuma ta ce ya duba shugaba Stalin ne ya furta cewa yana da taɓin zargi. Babu takardar da ta tabbatar da haka, amma labarin ya ƙi mutuwa.

Duk waɗannan manyan da ido suke awo. Su ce baya ya sandare sosai, ko ya ɗan sandare. Wanda ya sa lamba a lamarin shi ne Paul Schober, likitan Jamus da bai kai su suna ba, a wata maƙala ta 1937. Dabararsa ba ta da wuya. Mutum na tsaye, a sa alama a ƙarshen kwankwaso, a auna santimita 10 zuwa sama a sa wata. Sai ya sunkuya iyakar ƙarfinsa ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba. A lafiyayyen baya gaɓoɓin za su buɗe, fata ta miƙe, tazarar ta koma wajen 15. A bayan da ya fara haɗewa sai ta tsaya a 11 ko 12.

Hikimar tana nan: da can ana cewa mutum ya taɓa ƙasa da yatsu, alhali wannan awon yana ruɗi. Mai sassauƙan ƙugu zai iya kai hannu ƙasa bayansa na miƙe sambal, domin a ƙugu ya karye. Manomin da ya saba duƙawa da kalme tun yana yaro ya ƙware a wannan ba tare da ya sani ba. Tef ɗin Schober ba ruwansa da ƙugu, kwankwason kaɗai yake tambaya.

A 1969 wasu masu bincike biyu, Macrae da Verna Wright, a birnin Leeds na Ingila, suka gwada awon da hoton ƙashi, suka ga kuskuren sa alamar farko na ɓata sakamako. Suka ƙara alama ta uku, santimita 5 ƙasa da ta farko, jimla 15, wadda ake so ta wuce 20 in an sunkuya. Mai yiwuwa wannan aka yi wa ƙanen mai tambayarmu. Daga nan abin ya yi sauri. Ƙa'idojin gano ciwon na New York da aka gyara a 1984 sun sa ƙarancin motsin kwankwaso da na buɗewar ƙirji cikin sharuɗɗa. A 1994 likitocin asibitin amosani na garin Bath suka tace awo biyar: na Schober, karkatawa gefe, juyin wuya, nisan kunne da bango in mutum ya jingina, da iyakar buɗe ƙafafu. Banda na wuya, duk tef da bango sun isa.

Saura batun da ya shafe mu kai tsaye. A 1973 aka gano a Landan da Los Anjalas cewa kusan kashi 90 cikin 100 na Turawa masu ciwon suna ɗauke da wata alamar gado a jini mai suna HLA-B27. Da yake alamar ba ta da yawa a Afirka kudu da Sahara, sai aka riƙa koyarwa cewa baƙar fata ba ya yin ciwon. Binciken da aka buga a 1997 kan Fulanin Gambiya ya ƙara ɗaure kai: kimanin kashi 6 cikin 100 na da alamar, amma cikin mutum fiye da 1,000 da aka duba ba a sami mai ciwon ko ɗaya ba. Daga baya likitocin Lome suka ba da rahoton masu ciwon da ba su da alamar, na Wagadugu kuma a 2009 suka kawo nasu, da yawa cikinsu da ita. Na yarda ciwon ya fi ƙaranci a wajenmu fiye da Turai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce babu, a ƙasashen da likitan gaɓoɓi sai a babban birni, shi ma ana ƙirga su da yatsu. Inda aka buɗe sashen, sai ga majiyyata.

Sai dai tef yana faɗin yawan sandarewa ne, ba ya faɗin dalili. Ko Fir'aunonin Masar sun shiga wannan ruɗanin. An daɗe ana cewa Ramsis na Biyu da ɗansa Merneptah sun yi ciwon, bisa tsofaffin hotuna, har sai a 2014 masu bincike Sahar Saleem da Zahi Hawass suka buga sakamakon sikanin gawarwakin sarauta 13, suka nuna cewa wata haɗewar ƙashi ce ta tsufa wadda ba amosanin ba. A ƙasar Hausa cututtukan da ke kwaikwayon amosanin sun fi haka haɗari. Tarin fuka na cin ƙashin baya ya bar mutum da ƙusumbi, kuma yana warkewa da magani in an kama shi da wuri. Ruwan sha mai yawan sinadarin fulorayid ma na sandarar da baya, kuma ba mu manta da Tibirin Maraɗi ba, inda ruwan rijiyar da aka haƙa a 1985 ya lalata ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Ga kuma wani gefen: a farkon amosanin awon kan fito daidai, domin kumburi ya riga haɗewar ƙashi da shekaru. Shi ya sa likita ke haɗa tef da tambayoyi kan ciwon dare da sandarewar safe, da gwajin jini, da hoton mahaɗar ƙugu, ya kuma rubuta lambar yau a kati don a gwada ta da ta zuwa na gaba.